Yadda za ka sa gansakuka ta yi maka furotin: jagora ga ɗaliban lab a Sakkwato

Gansakukar nan kore da ke rufe kududdufi bayan damina ko gefen gulbin Rima in ruwa ya ja baya, a cikinta akwai ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya tal, kuma irin su ne masana ke sa wa ƙwayar gado ta wata halitta don su riƙa yin furotin na magani ko na abinci ko mai. Wanga rubutu na ɗalibanmu ne masu digiri na biyu da na uku a fannin bayokemistiri da maikrobayoloji, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ta jiha da duk mai sha'awa, musamman wanda aka ce mashi wai aikin nan sai Turai. Abin da nike son ka riƙe tun yanzu shi ne tura DNA cikin gansakuka abu ne mai sauƙi, da 'yan duwatsun gilashi da injin girgiza kwalba an gama. Wahalar tana wajen sa ta ta karanta abin da ka tura mata, don tana da halin karɓar baƙon jin, wato guntun ƙwayar gado mai ɗauke da umarnin yin furotin, ta kulle shi ta yi shiru kamar ba a yi komai ba. To kusan duk dabarun da zan kawo na magance wanga hali ne.

Mi ya sa ma za a wahala da gansakuka ga bakteriyar E. coli nan da aka saba, wadda da ita ake yin insulin tun 1982? Saboda akwai furotin masu sarƙaƙiyar naɗi da bakteriya ba ta iya naɗe su daidai. Misali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, a 2012 ɗakin binciken Stephen Mayfield a San Diyego ta Amurka sun sa kuloroplas, wato koren sashen ƙwaya mai kama haske, na wata gansakuka mai suna Chlamydomonas ya yi Pfs25 da Pfs28, furotin ne na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake nema don rigakafin da zai hana cutar wucewa ta cikin sauro. Ga shi kuma abincinta haske ne da iska da ɗan gishirin ma'adanai, rana kuwa Allah ya hore mana ita.

Kafin ka taɓa kwalba ko ɗaya, fara da takarda. A Najeriya hukumar NBMA ce ke kula da duk halittar da aka sauya wa ƙwayar gado, dokar 2015 ce ta kafa ta, aka yi mata gyara a 2019 har ta haɗa da gyaran jin irin na CRISPR, dabarar yanka DNA a daidai wurin da ake so. Ka zauna da malaminka ku bi ta kwamitin kula da lafiyar halittu na makarantarku, ku nemi izinin aiki a killace. Ta irin wagga hanya waken SAMPEA 20-T na Samaru Zariya, wanda aka sauya wa ƙwayar gado, ya bi kafin ya kai hannun manoma, saboda haka ba sabon abu ba ne a ƙasar nan.

Mataki na farko, zaɓen gansakukar. Kar ka ɗebo ta kududdufin bayan gidanku ka ce da ita za ka fara, ba ka san jinsinta ba, ba ka san jerin DNA ɗinta ba, kuma cike take da bakteriya. Haka ma Spirulina, wadda Kanembu na tafkin Chadi suka daɗe suna busarwa suna kira dihe, ita a haƙiƙa dangin bakteriya ce kuma ta yi suna wajen wuyar karɓar baƙon DNA, ka bar ta sai gaba. Fara da Chlamydomonas reinhardtii. An fitar da jerin DNA ɗinta tun 2007, kuromosom 17 gare ta, in ta ji daɗi tana ninka kanta cikin awa 6 zuwa 8, kuma kusan duk kayan aikin da ake da su don ita aka fara ƙera su. Ana sayen iri daga Chlamydomonas Resource Center da ke Jami'ar Minisota, kowane iri da lambarsa mai farawa da CC.

Nan fa ka natsu, don irin da ka zaɓa shi ne rabin aikin. CC-124 da CC-125 suna da bangon ƙwaya mai ƙarfi, suna jure wahala amma DNA ba ya shiga da sauƙi. Masu alamar cw15 irin su CC-400 bangonsu ya lalace, su ne suka dace da hanyar duwatsun gilashi, sai dai ba su da juriya, in ka matsa masu fashewa suke. Sannan akwai UVM4 da UVM11 da ɗakin binciken Ralph Bock a Jamus ya fitar a 2009, waɗanda ba su cika kulle baƙon jin ba, daga baya aka gano wani inzayim ne mai matse DNA a kan histon, wato furotin ɗin da DNA ke naɗe a kai, ya lalace a cikinsu. In malaminka zai iya rubuta wasiƙa a samo maku UVM4 ta yarjejeniyar musayar kayan bincike, ku yi, zai rage maku wahalar watanni.

Mataki na biyu, ka iya rayar da ita kafin ka yi tunanin sauya ta. Ruwan abincinta sunansa TAP, wato Tris da asitet da fosfet, da amoniyam da 'yan ma'adanai, pH wajen 7. Da ruwan da aka tace a distila za ka haɗa, ban da na burtsatse, don gishirin cikinsa yana canza maka lissafi. A dafa a otokilef digiri 121 minti 15 zuwa 20, in babu otokilef tukunyar firesha tana yi. Tana son zafi wajen digiri 25, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40, wato in ka bar kwalabenka a kan benci a bazara aka ɗauke wuta da rana, kafin la'asar sun fara yin fari. Saboda haka kuɗin farko da ya shigo hannunka kar ya tafi wajen wani babban inji, ya tafi wajen sola da inbata da za su riƙe ƙaramin ɗaki mai AC ko inkubeta mai sanyaya, da fitilun LED farare, da injin da zai riƙa karkaɗa kwalabe a hankali. Da hunturu sanyin ya yi daidai amma sai ƙura, ita kuma ƙura tafe take da ƙwayoyin fumfuna, asitet ɗin nan na TAP kuwa kowa na sonsa. Toshe tagogi, goge benci da ispirit kashi 70, yi aiki kusa da wutar bona ko cikin akwatin iska mai tacewa. Lokaci lokaci ka shafa ɗan ruwan kwalbarka a farantin LB, abincin da ake rainon bakteriya da shi, ka bar shi kwana ɗaya, in wani abu fari ya tsiro to kana da baƙi. Ampisilin na kashe bakteriya da yawa ba tare da ya taɓa gansakukar ba. Ni a ganina duk wanda bai yi wata guda yana riƙe da kwalba mai tsabta ba, bai kai ga mataki na gaba ba.

Mataki na uku, ka yanke shawara, nukiliyas za ka sa jin ɗin ko kuloroplas, don kowanne da yarensa. DNA na nukiliyas cike yake da G da C, wajen kashi 64 cikin ɗari, a wuraren da ake karanta furotin ma ya fi haka. Na kuloroplas kuwa A da T suka fi yawa, zagaye ne mai kilobes wajen 205, kuma kwafinsa kusan 80 ne a ƙwaya ɗaya. A nukiliyas DNA ɗinka zai faɗa duk inda ya ga dama, furotin ɗin ba ya yawa, amma za ka iya tura shi wajen ƙwaya ya zubo cikin ruwa, kuma ana liƙa masa sukari in yana buƙata. A kuloroplas kai ke zaɓen daidai wurin da zai zauna, ba a kulle shi, yakan fi yawa, amma babu liƙa sukari kuma yana nan ciki sai ka fasa ƙwaya. In koyo kake, fara da nukiliyas da furotin mai ƙyalli kamar mVenus, don ka ga sakamako da idonka.

Mataki na huɗu shi ne zanen jin ɗin a kwamfuta, kuma wallahi nan ake cin nasara ko a faɗi tun ba a shiga lab ba. Abu na farko kodon, wato harufan DNA uku uku da ke nuna amino asid ɗin da za a sa a furotin. Amino asid ɗaya yana da kodon fiye da ɗaya, nukiliyas na Chlamydomonas kuma ya fi son masu ƙarewa da G ko C. In ka ɗauko jin daga bakteriya ko mutum ka sa yadda yake, sau da yawa ko mRNA ɗin kirki, wato kwafin jin da ake karantawa a yi furotin, ba za ka gani ba. Sai ka sake rubuta shi gaba ɗaya da kodon da take so, furotin ɗin bai canza ba, harufan DNA ne suka canza, sannan ka aika wa kamfanin da ke haɗa DNA su haɗa maka.

Abu na biyu intiron, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Jin ɗin gansakukar nan na asali cike suke da intiron, guntayen DNA da ake yankewa daga mRNA kafin a yi furotin, saboda haka dogon jin da ba shi da intiron ko ɗaya baƙo ne ƙarara a wurinta. Tun 1998 aka nuna intiron na farko na jin ɗinta mai suna RBCS2, mai harafi 145, yana ƙara yawan karatu, a 2018 kuma masu bincike a Bielefeld ta Jamus suka nuna in ka warwatsa shi cikin dogon jin, kusan bayan kowane harafi ɗari huɗu zuwa biyar, jin da da ba ya motsi sai ya fara aiki. Ana cusa shi tsakanin G biyu don a yanke shi daidai. Akwai manhajar intanet kyauta mai suna Intronserter da ke yi maka gyaran kodon da cusa intiron a tare, amma ka bi da idonka ka duba ba ta bar maka wurin yankan BsaI ko BpiI a tsakiya ba, za ka ga dalili nan gaba.

Abu na uku furomota, wato guntun DNA da ke gaban jin yana kiran injin karatu. Furomotar ƙwayoyin bairos da ake amfani da su a shuke-shuke irin 35S ba su cika aiki a nan ba, nata take so. Biyu aka fi amfani da su, PSAD, da haɗin HSP70A da RBCS2 wanda ake kira AR, inda guntun HSP70A ɗin ke taimakawa wajen hana kullewa. A ƙarshen jin kuma ka sa taminata, wato guntun da ke tsayar da karatu, ta RBCS2 ko PSAD. In kana son jin ɗin ya yi aiki sai lokacin da ka ce, akwai CYC6 da ke tashi in babu tagulla a ruwa ko in an sa nikel, akwai NIT1 da naitiret ke tayarwa amoniyam ke kashewa. Amma kula, CC-124 da CC-125 da danginsu da yawa jin ɗinsu na NIT2 a lalace yake, shi ne kuma ke kunna NIT1, saboda haka in ka sa wagga furomota a cikinsu za ka zauna jiran abin da ba ya zuwa.

Abu na huɗu alamar zaɓe, jin da zai sa waɗanda suka karɓi DNA su rayu a kan antibayotik sauran su mutu. aphVIII na paromomaisin ne, aph7 na haigiromaisin, ble na ziyosin. Akwai wata dabara mai kyau da aka fitar a 2012, a haɗa ble da jin ɗinka a layi ɗaya da ɗan guntun 2A a tsakaninsu, wanda aka samo daga bairos ɗin ciwon baki da kofato na shanu. mRNA ɗaya ne amma furotin biyu ke fitowa, to in ƙwaya ta kulle naka ta kulle abin da ke kare ta, ziyosin ya kashe ta. Wato ka ɗaure ta ke nan, wadda ta rayu dole tana karanta naka.

Mataki na biyar haɗa filasmid, wato ƙaramin zagayayyen DNA da zai ɗauki jin ɗinka. Kar ka ɓata lokaci kana ƙera komai daga tushe. A 2018 ƙungiyar ɗakunan bincike na Turai sun fitar da kit ɗin MoClo na Chlamydomonas mai guntaye 119, furomota da taminata da alamomi da masu ƙyalli, ana haɗa su ta hanyar Golden Gate, ka zuba guntayen da inzayim BsaI ko BpiI da laiges a kwalba ɗaya, injin PCR ya yi ta ɗumamawa yana sanyayawa, su jeru da kansu. Akwai kuma filasmid na pOptimized. Ka ninka a E. coli, ka ciro, ka aika a karanta maka jerin harufan ka tabbatar. Inzayim ɗin nan firiza suke so mai digiri 20 ƙasa da sifili, in za a taho maka da su daga Legas ko Abuja a taho da su cikin ƙanƙara, kuma firizar ta hau kan sola. Kafin turawa ka yanke filasmid ya miƙe, zagayayye ba ya shiga da kyau, in da hali ma ka cire ɓangaren bakteriya ka bar guntun da ke ɗauke da jin ɗinka da alamar zaɓe kawai.

Mataki na shida, turawa. Wagga hanya Karen Kindle ta wallafa ta a 1990 kuma har yau tana aiki. Ka raini cw15 ko UVM4 a TAP har ruwan ya yi kore shar amma bai yi duhu ba, wajen ƙwaya miliyan 1 zuwa 3 a mililita, ka ƙirga da hemositomita irin ta ƙirgen jini, ɗigon ayodin zai tsayar da su su daina yawo. Ka juya a sentirifuj a hankali minti 5, ka zubar da ruwan sama, ka narkar da koren da ya kwanta a ɗan TAP kaɗan har ya kai wajen miliyan 100 a mililita, zai yi kauri ya yi duhu. A ƙaramar kwalbar gwaji ka riga ka auna giram 0.3 na duwatsun gilashi masu faɗin kusan rabin milimita, an dafa su a otokilef. Zuba mikrolita 300 na ƙwayoyin a kai, sa mikrogiram 1 na DNA, wasu na ƙara PEG. Sai ka danna kwalbar a kan boteks, wato injin girgiza kwalba, a ƙarshen gudunsa daƙiƙa 15, da agogo a hannu, za ka ji duwatsun na ƙara suna hawa bangon kwalbar, koren ya yi kumfa kaɗan. Daƙiƙa 15 ɗin nan kar ka ƙara don ganin kamar bai isa ba, duwatsun huda ƙwayoyin suke, in ka wuce ka niƙe su. Bari duwatsun su kwanta, ɗebe ruwan ka zuba a sabon TAP marar antibayotik, ka bar su su kwana a haske mai rauni suna karkaɗawa a hankali, don su samu lokacin yin furotin ɗin da zai kare su. Washegari ka tattara su, ka shimfiɗa a farantin TAP mai aga kashi 1.5 da antibayotik, paromomaisin ko haigiromaisin wajen mikrogiram 10 a mililita, ka shafa da tausasawa, ka bar ruwan ya tsotse kafin ka naɗe bakin farantin.

Dole ka yi kwalba ta biyu da aka yi mata komai amma ba DNA. In farantinta ma ya tsiro to antibayotik ɗinka ya mutu, ko zafi ya lalata shi ko ka zuba shi a aga tana da zafi sosai. Masu injin elektiroporeta, mai huda ƙwaya da wutar lantarki, suna samun ƙwayoyi da yawa fiye da haka har da masu bango, in akwai a makarantarku yi amfani da shi.

Kwana uku na farko farantin zai koɗe ya yi fari, kar hankalinka ya tashi, waɗanda ba su karɓa ba ne ke mutuwa. Wajen kwana 7 zuwa 10 za ka fara ganin ɗige-ɗige kore kamar kan allura.

Mataki na bakwai tantancewa, kuma a nan ɗalibai suka fi yin gaggawa. Ɗigon da ya rayu a antibayotik bai nuna jin ɗinka na aiki ba. DNA yakan gutsuttsure yayin shiga, wani ɗigon alamar zaɓen kawai ya samu. Wanda ya samu duka kuma ya danganta da inda ya faɗa, kamar mai yayyafa iri ne, wani ya sauka a fadama wani a kan fako. Saboda haka ɗigo biyar ko goma ba su isa ba, tsinci kamar 96 da tsinken sakace da aka dafa, kowanne a raminsa a farantin nan mai ramuka 96. In da mVenus ka yi, duba ƙyalli a maikroskop ko injin karanta faranti, ka tuna kulorofil da kansa yana ƙyallin ja, don haka kullum ka ajiye wadda ba a taɓa ba a gefe don kwatance. Waɗanda suka fi haske ka yi masu PCR, ɗan ƙwaya kaɗan a tafasa a Chelex ko EDTA minti 10 ya isa, ka ƙara DMSO don yawan G da C na hana PCR tafiya. Sannan RT-PCR don ganin mRNA, sannan Western don ganin furotin ɗin da girmansa, shi ya sa yana da kyau tun a zane ka liƙa masa ɗan tag irin HA ko Strep. In akwai DNA babu mRNA, kullewa ce, koma kan furomota da intiron da irin da ka zaɓa. In akwai mRNA babu furotin, duba kodon ko kuma ana narkar da shi ne bayan an yi.

Wanda ya zaɓi kuloroplas, hanyarsa ta ɗan bambanta. A 1988 aka fara yi, da bindigar jin mai harba ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da aka shafa wa DNA, injin da tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin lab ɗinmu. Amma ɗakin binciken Saul Purton a Landan suna da iri mai suna TN72, marar bango, an lalata masa psbH, wani jin na kuloroplas da ake buƙata wajen yin abinci da haske, don haka ba ya iya rayuwa da haske kaɗai. Filasmid ɗinka na ɗauke da psbH mai lafiya tare da jin ɗinka, ka tura da duwatsun gilashin nan dai, ka shimfiɗa a faranti marar asitet, wanda ya karɓa ne kawai zai tsiro, ba ka buƙatar antibayotik sam. Kodon ɗin ya zama na A da T, ba intiron, furomota irin psaA ko atpA. Da yake kwafin kusan 80 ne, sai ka yi ta sake shafa ɗigo ɗaya a sabon faranti sau da yawa, kana duba PCR, har tsohon kwafin ya ɓace gaba ɗaya, in ba haka ba zai iya dawowa ya rinjayi naka.

In kuma kashe wani jin nata kake so, fara duba CLiP, tarin irin da aka riga aka lalata wa jin iri iri, a cibiyar Minisota, mai yiwuwa an riga an yi shi, saye kawai za ka yi. In babu, CRISPR na aiki, amma sa jin ɗin Cas9, furotin ɗin da ke yin yankan, ya zauna a cikinta bai ba da sakamako mai kyau ba, tun 2016 abin da ake yi shi ne a haɗa furotin ɗin Cas9 da RNA mai jagora a kwalba a tura su da elektiroporeta, su yi yankan su ɓace. Don gwaji fara da jin da in ya lalace launin ɗigon ke koɗewa, irin CpFTSY, ka gane da ido.

Ɗige-ɗigen da suka yi kyau ka riƙe su a faranti mai antibayotik kana sake shafawa kamar duk wata, kana sake auna ƙyallinsu, don wasu na yin shiru bayan watanni. Ka ajiye kwafi biyu a wurare biyu saboda ranar da inbata za ta ba da matsala, in akwai ruwan naitirojin a daskarar da wasu. Duk kwalba da faranti da tsinken da ya taɓa gansakukar da aka sauya, a dafa shi a otokilef ko a jiƙa shi a bilic kafin ya bar ɗakin, ko ɗigo kar ya shiga kwata, don kwatar garin nan gulbi take nufa kuma da ruwansa ake ban ruwan albasa da shinkafa a fadama.